Fitilun Da Na Kai Gidan Su Sharfaddeen

'Yan uwa masu bibiyar labarina, sannunku da jimirin jira. Wadda ta shigo yau ma ta gyara zama, ba zan bar ta a baya ba. Sunana Zinnira, 'yar Malam Hammadu. A cikin garin Gwarzo gidanmu yake, sana'ata kuma ɗaukar hoto. Hoton mata nake yi: kamu, suna, walimar sauka, duk gidan da maigida ba ya son ƙato ya shigar masa cikin iyali da kyamara, ni ake aikowa a kira. Baba da kansa ya ba ni shagon da ke jikin zaurenmu, wanda a da yake tara dusar shanunsa a ciki. Na share, na shafa farin fenti, na rataya labule mai ruwan toka. Inna kuwa har gobe "aikin leƙen fuskar mutane" take kiran abin.

Sharfaddeen malamin gona ne a Kabo. Hoton fasfo ya kawo shi shagona, ya karɓa ya tafi, sai ga shi ya dawo wai kunnensa ɗaya bai fito sosai ba. Kunnen nan kuwa lafiyarsa ƙalau. Tun daga nan yake zuwa zance, har an san shi a gidanmu, sai dai manyansa ba su tako ba tukuna. Wannan "tukuna" ɗin ita ta tsaya wa Inna a maƙoshi.

Ina tsakar gida da hantsi ina tsince shinkafa, wayata ta yi ƙara a gefen faranti. Saƙon Sharfaddeen ne.

"Salamu alaikum Hajiyar hoto. Saƙo ne daga Hajiyarmu. Asabar ta sama za a yi sunan jaririn yayata Anti Fiddausi, duk 'ya'yan Hajiya mata da jikoki da 'yan uwanta za su haɗu. Tana son a yi musu hoto ɗaya su duka, kuma ta ce ke take so."

Na ajiye farantin na sake karantawa. Amma abin da na rubuta masa shi ne: "A ina za a tsaya, tsakar gida ko ɗaki?"

Ya turo fuskokin dariya a jere. "Wata in aka ce uwar saurayinta na nemanta, atamfar da za ta ɗaura take tunani. Ke ɗaki kike tambaya."

"Turo min hoton wurin dai."

Ya turo. Falo ne dogo siriri, bangonsa koren fenti, taga ɗaya tal, ita ma darbejiya ta tare ta, silin kuma ƙasa-ƙasa. Ya ce tsakar gida tukwane da rumfa za su cinye ta, kuma Hajiya tun rashin lafiyar da ta yi bara ba ta zama a rana.

A nan ne na ga matsalar. Ni abin da na mallaka kyamara ce da 'yar filashar da ake ɗora mata a ka. A shagona hasken ƙofa nake aiki da shi, a wajen biki kuma in ja amarya inuwar bango. In na shiga falon nan da 'yar filashar nan, na san abin da zai fito: na gaba su yi fari fat, goshinsu na ƙyalli kamar an shafa man gyaɗa, na baya kuma sai haƙora da fararen mayafai. Na daɗe ina tara abin sayen fitilun aiki ina cewa sai bayan kaka. Ashe lokacin ya zo da kansa.

Inna tana dama wa Baba fura na gaya mata.

"Ba inda za ki," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba daga ƙwaryar. "Gidan da ake fatan a kai ki a lulluɓe, shi za ki fara shiga da jaka a kafaɗa kina cewa wance matsa hagu, wance matsa dama? Uwar yaron za ki kalli tsabar idonta ki ce ta ɗaga kai? Mu a gidanmu ko sunan suruka ba a kamawa."

Yaya Najiba, babbar yayata da ke aure a Mainika, ta zo mana kwana biyu, tana zaune a kan turmi tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Inna, ke ma kin san ba hoton ne kaɗai ba, ganinta suke son yi. In ta ƙi zuwa a ce 'yar Gwarzo girman kai gare ta."

"In ta je kuma a ce ba ta da kunya."

Baba yana kan tabarma a gindin mangwaro, rediyonsa a kan cinya. Ya rage murya.

"Zinnira."

"Na'am, Baba."

"Zance aka kira ki ko aiki?"

"Aiki ne, Baba."

"To a je a yi aiki. Najiba ta raka ki. Barira, miƙo min furar nan."

Magana ta ƙare. Inna ta dire masa ƙwaryar, ni kuma ta yini ba ta amsa min ko sannu ba.

Washegari sai ga wani direban motar Kabo ya yi sallama da kwali, wai saƙona ne. Na buɗe: fitilar zobe, irin wadda masu kwalliya ke kafawa a gaban fuska. Kafin in gama kwance ledar saƙonsa ya shigo.

"Na ji kin ce falon da duhu. Ga gudummawata."

Jama'a, na san da yawanku za ku ce in yi godiya in yi shiru. Na yi godiyar, shirun ne na kasa. Na rubuta: "Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Sai dai wannan fuska ɗaya take haskawa, ita ma sai an kusa cusa kai a cikinta. Ba za ta iya da taro ba."

"Mai shagon ya ce duk masu hoto ita suke yayi."

"Masu jan baki da gazal dai."

Ya karanta, alamar ta yi shuɗi, bai amsa ba. Yaya Najiba ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Ke dai bakinki ne zai hana ki aure." Ta rungumi fitilar ta shige ɗaki da ita, ta ce ita tana so.

Ranar Talata muka hau motar Kano ni da ita. Shagon kayan hoto muka nufa, na wani Ja'afar da nake sayen batir da katin ajiyar hoto a wurinsa. Shago ne mai zurfi, kwalaye har sama. Bayan mun gaisa na nuna masa hoton falon a waya, na ce mata ne za su haura talatin, layi uku ko huɗu, wasu a zaune wasu a tsaye.

Ya fara jawo wata fitila mai faɗi kamar tire, ya kunna. Irin mai tsayawa a kunne ce, haskenta fari mai sanyi.

"Wannan ita aka fi saya," ya ce. "Abin da idonki ya gani shi kyamara za ta gani. Ba ta firgita jariri, ba ta sa tsoho ƙifta ido, kuma in bidiyo ne ma ta yi."

Na zaunar da Yaya Najiba a kan kujera na ɗauka. Wallahi sai da na ƙara kallon yayata. Baƙar fatarta ta fito sumul, zanen lallen hannunta ɗaya bayan ɗaya, har 'yar tsagar da ke gefen idonta. Ta karɓi kyamarar ta ce, "Ni ce wannan? Saya, saya kawai mu tafi."

Raina ya biya, gaskiya. Yawancin aikina fuska ɗaya ce a shago, amarya ko mai jego, kuma wannan fitilar da ta sauƙaƙa min rayuwa. Amma ba don fuska ɗaya na zo ba. Na ce wa Yaya ta koma can ƙuryar shagon ta tsaya, na sa Ja'afar ya tsaya a tsakiya, na ajiye jakata a kan kujerar gaba. Abin da wasu ba su sani ba shi ne, in kina son na gaba da na baya duk su fito tar, sai kin ƙanƙance idon kyamara, in kuwa kin ƙanƙance shi haske mai yawa yake nema. Na ƙanƙance, na ɗauka. Jakata ta fito, Ja'afar ya fito dishi-dishi, Yaya Najiba kuwa sai farin mayafinta a cikin duhu.

"Ina nake?" ta ce.

"Kina Mainika."

Na tambaye shi me fitilar take ci. Ya ce wutar lantarki, akwai mai batir amma in aka ƙure ta ba ta jimawa. Na tuna gidan suna, janareta ɗaya, ga firji, ga fanka, ga masu cajin waya. Na ce a nuna min ɗaya irin.

Ya fito da filasha babba mai batir a jikinta, ya kafa ta a kan sanda mai ƙafa uku. Ya ɗora wa kyamarata wani ɗan abu da ke ba ta umarni daga nesa. Na danna. Shagon ya yi wal.

"Innalillahi!" Yaya Najiba ta dafe ido. "Wannan ai tsawa ta rage."

Hoton ya fito da ƙarfi har ƙurya, amma mummuna: inuwa baƙa ƙirin a bayan kowa, hanci na sheƙi. Ja'afar ya ce ai ba a barinta tsirara. Ya ɗauko laima iri biyu, ɗaya cikinta ruwan azurfa, ɗaya fara sol. Muka gwada ta azurfar, hasken ya yi kaifi, duwatsun leshin Yaya suka dinga tartsatsi, gumin goshinta ya fito fili. Na tuna yadda matan suna ke shan leshi da hoda a cikin zafi, na ce a'a. Muka gwada farar. Nan take hasken ya kwanta, ya bazu ko'ina kamar an watsa wa kaji tsaba, inuwar ta yi laushi.

Sai na ukun, wani akwatin baƙin yadi mai farin baki, wanda masu hoto ke kira sofbos. Shi ba ya watsa haske, zuba shi yake inda aka nuna masa kamar bakin buta. Na matso da shi kusa da fuskar Yaya ta gefe, na ɗauka. Ɓangare ɗaya ya haska, ɗayan ya shiga inuwa a hankali, ba tsalle. Na gane da wannan zan samu kusan abin da fitilar farko ta ba ni, in na iya sarrafa shi.

"Sai dai fa ki sani," in ji Ja'afar, "filasha ba a ganin haskenta sai an ɗauka. Sai kin yi ta gwaji kafin hannunki ya faɗa. Ga shi kin ce Asabar ne."

Na tsaya ina kallon su biyun. Abin da ke jakata ba zai ɗauki duka ba. Ɗaya mai sauƙi ce amma ba za ta kai layin baya ba, ɗaya mai wuya ce amma ba ta barin kowa a duhu. Na ce a ɗaure min filasha biyu, fararen laimomi manya biyu, sofbos ɗaya, da sanduna masu tsayi sosai, don in haske ya zo daga sama inuwar mutum a bayansa take faɗuwa ƙasa, ba a fuskar na baya ba.

Sauran kwanakin gwaji na yi ta yi. Na gwada a kan Yaya har ta ce ta gaji da zama amarya ba ango. Na gwada a kan bijiman Baba, su ko a jikinsu. Na gwada a ɗakin Inna don shi ma da duhu, jeren kwanukanta suka mayar min da hasken kamar madubai, ta koro ni da tsintsiya. Sharfaddeen kuwa sai ranar Alhamis ya huce, ya rubuto: "Fitilata tana lafiya?" Na ce, "Tana wajen Yaya Najiba, an riƙe ta da daraja." Ya turo dariya.

Ranar Asabar na sa atamfa mai ruwan ƙasa da ganye-ganye, ɗinkin doguwar riga mara ado, don in ji daɗin sunkuyo. Inna ta shigo ta dube ni sama da ƙasa, ta cire min ƙaramin mayafin da na yafa ta miƙo min nata babba ruwan madara. Ta turara ni, ta maƙala min 'yan kunnenta na zinare da ba ta ba kowa aro.

"Kada ki ci abinci a gabansu. Kada ki yi dariya haƙora waje. In an tambaye ki abu ki kalli ƙasa."

"To, Inna."

"Kuma ki tsaya a bayan yayarki."

Yadda mai hoto za ta tsaya a bayan wani ta yi aiki, wannan ban tambaya ba.

Mun isa Kabo gidan ya cika. Ƙamshin waina da miyar taushe tun daga zaure, yara na guje-guje, mata sun yi anko shuɗi. Muna shiga da sanduna a kafaɗa na ji raɗa tana bin mu: "Ita ce?" "Wacce, doguwar ko mai jakar?" Anti Fiddausi mai jego ta tare mu da fara'a ta kai mu wajen mahaifiyarsu, Hajiya Halimatu Sa'adiya.

Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta. Da na ɗan saci kallo sai na ga abin da Sharfaddeen bai taɓa gaya min ba. Ciwon da ta yi ya taɓa mata ɓarin fuska na hagu. Bakin ya karkace, idon ɓangaren ba ya rufuwa sosai, yana ɗan zubar da ruwa. Ta riƙe gefen mayafinta ta kare wurin, da ganin yadda hannun ya saba kin san kullum haka take yi.

"Sannu 'yata. Ya mutanen Gwarzo? Ya Malam, ya mahaifiyarki?" Maganarta a hankali take fita, amma ana ganewa.

Muka shiga aiki. Na kafa laimomin a kusurwa biyu na gaba, na ɗaga su har suka kusa taɓa silin, na sa aka kashe fanka don kada iska ta kayar da su. Na janye su daga jikin bango, don koren fentin nan in haske ya dake shi sai ya dawo ya rina fuskokin mutane. Kafin a taru na koma gaban Hajiya na rage murya.

"Hajiya, fitilun nan walƙiya suke yi. In za su dami idon a gaya min, sai in nemi wata dabara."

"Gwada mu gani."

Na danna. Ta ce, "Ai ko ta farkon damina ba ta kai ba. Yi aikinki."

Da aka fara jeruwa muryata ƙasa-ƙasa take fita. "Anti, don Allah a ɗan matsa." Ba wanda ya ji ni. Yaya Najiba ta zungure ni ta ce in buɗe baki. Ban san lokacin da aikin ya kwashe ni ba. Na zaunar da tsofaffi a kujeru, Hajiya a tsakiya da jaririn a cinyarta, yara a ƙasa, dogaye a baya, na hau da wasu kan benci. Wata gwaggonsu ta ce, "'Yar nan, ni dai a haska ni sosai." Na ce, "Gwaggo, kalarki ta fi hasken tsada." Falon ya ɗauki shewa. Sai da na ji bakina yana cewa, "Hajiya, a ɗan ɗaga kai kaɗan," sannan na tuna Inna. Hajiya kuwa ta ɗaga.

Hoton ya fito. Tun daga yaran da ke ƙasa har wadda ke ƙarshen benci a baya, kowa da idonta da hancinta, shuɗin ankon bai ƙone ba, baƙa ta fito baƙa mai kyau, fara ta fito fara. Kyamarar ta dinga yawo hannu zuwa hannu ina bin ta da ido. Hajiya ce kaɗai rabin fuskarta ke bayan mayafi.

Da aka watse cin abinci ta ce a bar mata falon, ni da yayata mu tsaya.

"Ina son nawa ni kaɗai," ta ce. "Tun da abin nan ya same ni ban yarda an ɗauke ni ba."

Na naɗe laimomin na ɗaura sofbos. Na kai shi ɓangarenta na dama mai lafiya, na matso da shi kusa, na ɗan juya mata kujerar. Ta sauke mayafin a hankali. Na ɗauka. Ɓangaren dama ya fito da kyawunsa, na hagun ya lafe a cikin inuwa, sai wanda ya sani ne zai lura. Na miƙa mata ina jin daɗin kaina.

Ta daɗe tana kallo.

"Kin iya," ta ce. "Kin ɓoye min shi da kyau, Allah ya yi miki albarka. Amma wannan matar ta bara waccan ce. Jaririn nan da aka raɗa wa suna yau, da wannan fuskar zai san ni. Dawo da fitilar nan gaba."

Na dawo da ita gabanta, sama kaɗan. Na ba Yaya Najiba farin zanin gado ta riƙe ta ɓangaren hagu don ya mayar da haske. Hajiya ta goge idon da gefen hannu, ta ajiye hannayenta biyu a cinya, ta kalli kyamara kai tsaye. Na danna. Komai ya fito, karkacewar bakin, ruwan idon, da wani kwarjini da ban gani ba sai a hoton.

"Yauwa," ta ce. "Wannan za a wanke babba."

Ina kwance sofbos ɗin ta ci gaba da magana kamar da kanta take yi. "Hannu irin wannan a ce za a ajiye shi. Kai, da asara."

Na tsaya. "Na'am, Hajiya?"

"Sharfaddeen ya gaya wa babansa Alhaji kin amince, da an ɗaura aure za ki rufe shagon. Da haka Alhajin ya fara saukowa."

Yaya Najiba ta taka min ƙafa. Na san ma'anar takun: yi shiru, kalli ƙasa. Na kalli ƙasan, amma na ce, "Hajiya, ba mu taɓa yin wannan maganar da shi ba."

"Na zata," ta ce. "Wadda za ta ajiye abu ba ta sayo masa sababbin kaya. Alhaji yana zaure, ya ce shi ma a yi masa ɗaya kafin ku tafi."

A ƙofar falon muka yi kiciɓis da Sharfaddeen, ya sha farar shadda da hula zanna, ya zo ɗaukar mana kaya yana murmushi.

"An ce kin burge kowa."

"Me ka gaya wa Alhaji a kaina?"

Murmushin ya ɗauke. Ya waiga ya rage murya. "Zinnira, Alhaji mutumin da ne. Cewa na yi bari a fara samun yardarsa, in an yi auren sai a lallaɓa a hankali."

"Wa za a lallaɓa, shi ko ni?"

Na miƙa masa sandunan na wuce gaba.

Alhaji Gali yana zaune a kan kujerar katako a zaure, babbar riga ruwan sararin sama, farin gemu, da tabarau. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na kafa fitilar, na ɗaga ta sama na karkatar don kada haskenta ya faɗa cikin gilashin tabaran ya rufe masa ido. Yana bin hannuna da kallo. Sharfaddeen yana tsaye a jikin bango kamar wanda aka kafa.

Na sa ido a kyamara ke nan Alhaji ya yi magana.

"Ke ce 'yar Malam Hammadu."

"Ni ce, Baba."

"An ce min wannan abin na hannunki kin yarda za ki ajiye shi."

Na tuna 'yan kunnen Inna da ke kunnena, na tuna yadda take kallon ƙofa duk ranar da aka yi sallamar baƙi. Kalma ɗaya ce, in na ce "e" kowa ya huta. Na sauke kyamarar daga fuskata, na sunkuyar da kai.

"Baba, a gafarce ni. Ban faɗa ba. Kuma ba na son a shigo da ni gidan nan a kan maganar da ban yi ba."

Bai kalli ɗansa ba, bai kuma canza fuska ba. Ya gyara wuyan rigarsa, ya miƙe zaune sosai.

"To ɗauki hoton."

Na ɗauka. Na kai masa da hannu biyu. Ya cire tabarau ya duba, ya mayar ya sake dubawa, ya miƙo min.

"Ki gaya wa Malam Hammadu ina nan tafe ranar Juma'a in an sauko daga masallaci."

Iyakar abin da ya ce ke nan.

A mota, da muka kusa Gwarzo, Yaya Najiba ta ce, "Ni dai ba da bakina Inna za ta ji ba." Wayata kuwa tana ta zuga a cikin jaka, saƙo kan saƙo. Na ga sunan, ban buɗe ba.

Mun shiga gida ana shirin kiran magariba. Inna tana bakin ƙofar ɗakinta, da gani tun la'asar take wurin. Baba yana alwala a gindin mangwaro. Na ajiye kayan na durƙusa a gabansa, na isar da saƙon Alhaji Gali, na kuma faɗi abin da aka tambaye ni da amsar da na bayar, ban rage komai ba.

Inna ta zauna a kan dakalin ɗaki.

"Shi da kansa zai zo?" ta ce. "Malam, neman aure ai ƙannen uba ake turowa da goro. Uba da ƙafarsa, me zai zo yi?"

Baba ya gama wanke ƙafa, ya ajiye butar, ya sa takalmi. Ya dube ni, kallon da na kasa gane ko na faɗa ne ko na wani abu daban.

"Ranar Juma'a ki share zauren da kyau," ya ce. "Kuma kada ki karɓi aikin kowa. Ina son ki kasance a gida."

Ya fice masallaci. Inna ta miƙo hannu ba tare da ta kalle ni ba, na cire 'yan kunnen na zuba mata a tafi. Wayar ta sake zuga a cikin jaka. Wannan karon kira ne, kuma ba lambar Sharfaddeen ba ce. Na ɗaga, sai na ji muryar nan mai fita a hankali.

"'Yata, Hajiya ce. Mahaifiyarki na kusa? Ba ta wayar."